Laurier-Sainte-Marie: Mazaɓar da Ta Ɗaga Jagoran 'Yan Aware, Ta Kuma Sauke Shi

A tsakiyar birnin Montreal na lardin Kebek a ƙasar Kanada akwai wata mazaɓar majalisar tarayya mai suna Laurier-Sainte-Marie. Mafi yawan mazaunanta Faransanci ne harshensu na gida, kuma ta haɗa tsofaffin unguwannin ma'aikata na Centre-Sud da wani ɓangare na yankin Plateau-Mont-Royal, matattarar ɗalibai da masu zane da 'yan wasan kwaikwayo. Duk mai son ya gane yadda zuciyar Kebek ke juyawa a siyasar tarayya, ya bi tarihin ƙuri'un wannan mazaɓa.

A zaɓen 1988, Jean-Claude Malépart na jam'iyyar Liberal ne ya ci kujerar. Ya rasu a 1989, aka shirya zaɓen cike gurbi, sai ga shi ya faɗo a lokacin da ran 'yan Kebek ya ɓaci. Tun 1982 aka sabunta kundin tsarin mulkin Kanada ba tare da amincewar gwamnatin lardin ba. Firayim Minista Brian Mulroney ya so ɗinke ɓarakar da yarjejeniyar Meech ta 1987, wadda za ta amince cewa Kebek al'umma ce ta daban, amma a watan Yunin 1990 wa'adinta ya cika ba tare da majalisun lardunan Manitoba da Newfoundland sun amince da ita ba. Tun kafin nan ma Lucien Bouchard ya ajiye muƙaminsa na minista, daga baya ya tattara fusatattun 'yan majalisa suka fara gina jam'iyyar Bloc Québécois mai neman ballewar Kebek.

A ranar 13 ga Agustan 1990 jama'ar mazaɓar suka huce haushinsu a akwatin zaɓe. Gilles Duceppe, ɗan ƙungiyar ƙwadago kuma ɗan fitaccen jarumin wasan kwaikwayo Jean Duceppe, ya lallasa Denis Coderre na Liberal da kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A takarda ɗan takara mai zaman kansa ne, domin ba a yi wa jam'iyyar rajista ba tukuna, amma kowa ya san tutar da yake ɗauke da ita. Somin taɓi ke nan. A 1993 Bloc ta kwashe kujeru 54 cikin 75 na Kebek, har ta zama babbar jam'iyyar adawa a majalisar ƙasar da take neman ballewa daga cikinta. A ƙuri'ar raba gardama ta 1995 kan ballewar Kebek, masu son zama cikin Kanada suka sha da ƙyar, da kashi 50.58 cikin ɗari.

Duceppe ya karɓi jagorancin jam'iyyar a 1997, ya riƙe kujerarsa shekara ashirin da ɗaya, har aka ɗauka ta zama gadonsa. Sai 2011 ta zo. Jack Layton na jam'iyyar NDP, wanda haifaffen Montreal ne, ya shiga lardin da sandarsa a hannu yana magana kan fansho da asibiti da tsadar rayuwa. NDP ta samu kujeru 59 a Kebek, Bloc ta koma 4. A gidan Duceppe kuwa, Hélène Laverdière, tsohuwar jami'ar diflomasiyya da ta taɓa aiki a Dakar, ita ta kayar da shi. A daren ya sauka daga shugabanci. Ya dawo a 2015 don ya rama, ta sake kayar da shi.

Da Laverdière ta janye daga takara, kujerar ta koma inda ta fito. A 2019 Steven Guilbeault na Liberal, ɗan fafutukar kare muhalli da ya taɓa hawa hasumiyar CN ta Toronto a 2001 don jan hankali kan ɗumamar yanayi, ya doke Nimâ Machouf ta NDP. Ya sake cin kujerar a 2021, aka ba shi ministan muhalli, ya kuma ci a 2025.

Harshen unguwannin nan bai canza ba tsawon waɗannan shekaru. Abin da ya canza shi ne tambayar da mai ƙuri'a ke shiga rumfa da ita: a 1990 matsayin Kebek, a 2011 abin sawa a tukunya, a 2019 makomar muhalli.