Gwanjon tafiye-tafiye a intanet: yadda ake duba farashin baya kafin yin tayi

Gwanjon tafiye-tafiye wata hanya ce ta sayar da ɗakin otal, kujerar jirgi ko ziyarar yawon buɗe ido ga wanda ya fi kowa tayi. Da Faransanci ana kiransa "enchères". Tushensa ɗaya ne: ɗakin da ya kwana babu baƙo, ko kujerar da jirgi ya tashi da ita babu fasinja, kuɗinta ya tafi ke nan. Don haka kamfani ya gwammace ya sallama da araha a kan ya tashi a tutar babu.

Binciken farashin baya kuwa ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwa. Wanda zai sayi sa ko rago a kasuwar Korbongou ko ta Cinkassé yakan fara tambayar dillalai yadda irinsa ya tashi a kasuwar da ta gabata, sannan ya taya. Haka ake yi a intanet, sai dai a nan babu dillalin da za a ja gefe, mai saye ne zai tara bayanan da kansa.

Ire-iren gwanjon

Na farko shi ne buɗaɗɗen gwanjo, inda kowa ke ganin tayin kowa har lokaci ya cika. Shafin SkyAuction na Amurka ya yi suna da fara tayi daga dala 1, VakantieVeilingen na ƙasar Holan kuma daga yuro 1. A eBay, wanda aka kafa a 1995, mutum yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan har ta kai iyakar.

Na biyu shi ne rufaffen tayi. Kamfanin Priceline na Amurka ya fito da shi a 1998: matafiyi ya faɗi farashinsa, kamfani ya karɓa ko ya ce albarka, kuma ba ya sanin sunan otal ko lokacin tashin jirgi sai ya biya. Matafiya sun riƙa gaya wa juna tayin da aka karɓa da wanda aka ƙi, kuma haka al'adar duba sakamakon baya ta yi ƙarfi. Kamfanin ya daina wannan tsari a tikitin jirgi a 2016.

Na uku shi ne tayin sauya kujera, kuma shi ne wanda matafiyi daga Togo zai fi cin karo da shi. Wasu kamfanonin jiragen sama, ciki har da Ethiopian Airlines da ke sauka a Lome, sukan ba wanda ya riga ya sayi tikiti damar taya kujerar sashen manya. Idan an karɓa a cire kuɗin daga katinsa, idan an ƙi ya zauna a kujerarsa ba a cire komai ba.

Abin da ake tarawa

Ba kowane shafi ke nuna farashin baya ba. A eBay akwai wurin da ake zaɓa a ga kayan da aka riga aka sayar da farashin da suka tashi. Inda babu irin wannan, sai mutum ya sa ido a kan gwanjon da ke gudana na mako biyu ko uku ba tare da ya taya ba, yana rubutawa a littafi. Ga abin da ake rubutawa a kan kowanne:

Sunan otal da gari, da yawan kwanaki da na mutane.
Abin da ke ciki: jirgi, abinci, mota daga filin jirgi.
Ranakun da aka yarda a yi tafiyar.
Ranar da aka rufe gwanjon da sa'ar rufewa.
Yawan waɗanda suka taya da farashin ƙarshe.
Ƙarin kuɗin da aka ɗora bayan an ci.

Sharaɗin farko shi ne a gwada abu da irinsa. Kwana uku a Marrakech a watan Disamba ba ɗaya ba ne da kwana uku a can cikin zafin Agusta. Ga mai zuwa Umra, farashin goman ƙarshe na Ramadan ba ya zama ma'aunin sauran watanni.

Yadda ake fitar da iyaka

A ɗauki misali, ba wani gwanjo na gaske ba. An rubuta sakamako tara na ɗaki iri ɗaya, da yuro: 80, 85, 90, 95, 100, 105, 110, 150, 220. Idan aka haɗa aka raba tara, za a sami 115. Amma biyun ƙarshe ne suka ja lissafin sama, wataƙila saboda mutum biyu sun yi ja-in-ja. Abin da ya fi dacewa shi ne a jera su a ɗauki na tsakiya, wato 100. Tunda darajar sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 kusan sefa 656, wannan ya kama kusan sefa 65,600.

Daga nan sai a nemi farashin ɗakin idan an kama shi kai tsaye a otal ɗin. A ce yuro 140 ne, shafin gwanjon kuma yana ɗora yuro 25 na kuɗin takarda da haraji. Ke nan duk tayin da ya kai 115 babu sauran riba a cikinsa. Iyaka ta hankali tana tsakanin 100 da 110. A rubuta ta kafin a shiga, kuma kada a ƙetare ta ko da yuro ɗaya. In wani ya wuce, a bar masa. Irin wannan ɗaki yakan sake fitowa.

Abin da sakamakon baya ba ya nunawa

Farashin waɗanda suka ci kawai ake gani. Gwanjon da aka janye saboda tayi bai kai abin da mai kaya ya ƙudura a ɓoye ba, sau da yawa ba ya barin alama. A rufaffen tayi kuma, wanda ya dace shi ya fi ba da labari.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa wanda ya ci gwanjo yakan zama wanda ya fi kowa zuzuta darajar kayan. Wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield ne suka bayyana wannan a 1971, bayan nazarin gwanjon filayen haƙar mai. Paul Milgrom da Robert Wilson sun sami kyautar Nobel a 2020 a kan nazarin gwanjo.

Akwai kuma tayin ƙarya, inda wani ke ƙara farashi ba da niyyar saye ba. Malaman fiƙihu suna kiransa najashi, kuma an hana shi, alhali mafi yawansu sun halatta gwanjo shi kansa. Daga alamunsa akwai suna ɗaya da ke yawan tura farashi sama a kayan mai sayarwa ɗaya amma ba ya taɓa ci.

Lissafin mai tashi daga arewacin Togo

Yawancin waɗannan shafuka an yi su ne don mazauna Turai da Amurka. Jirgin da ke cikin kunshin yakan tashi daga Faris ko Burussel, ba daga Lome ba, wasu kuma ba sa karɓar rajista sai da adireshin can. Kafin tayi, a ƙara kuɗin mota daga Dapaong zuwa Lome, tafiyar sama da kilomita 600, ko daga Sokode, sama da 300. A ƙara kuɗin biza: ta shiga ƙasashen Schengen ta koma yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayar da shi idan an hana mutum.

Biya kuma da katin banki ne, irin su Visa, ba da Flooz ba, kuma banki yana da nasa kaso. Tayin da aka ci ya zama alkawari. A dokar Tarayyar Turai, damar fasa ciniki cikin kwana 14 ba ta shafi ɗakin otal da aka kama don wata rana takamaimai ba. Don haka wanda bai da biza a hannu, gara ya tsaya ga wuraren da fasfonsa ke shiga ba tare da ita ba, kamar ƙasashen CEDEAO.

Kujerar aikin Hajji ba ta cikin wannan kasuwa. Saudiyya ce ke ware wa kowace ƙasa adadinta, ana kuma biya ta hannun hukumar alhazai da kamfanonin da aka amince da su. Duk wanda ya turo sanarwar gwanjon kujerar Hajji ta WhatsApp ko Facebook, yana neman a tura kuɗi ta waya, a fara kai sunan kamfaninsa wurin hukuma a tantance kafin a ba shi ko dala.