Daga Warraƙai zuwa Buɗaɗɗen Ɗab'i: Waiwaye kan Haƙƙin Mawallafi

Malaman Musulunci na farko sun rarrabe abubuwa biyu da yau muke cakuɗawa: jingina littafi ga mai shi, da kuma kwafarsa. Jinginawar sun tsare ta da tsanani. Mas'udi, a ƙarni na 4 na Hijira, ya yi mummunar addu'a a cikin Murujuz Zahab ga duk wanda ya jirkita littafin ko ya danganta shi ga wani. Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 Hijira, har risala ya rubuta mai suna Alfariƙu bainal Musannifi was Sariƙ, yana ƙorafi kan wanda ya kwashe masa aiki. Ijaza da isnadi ma wannan amanar suke karewa.

Amma kwafa a buɗe take. Warraƙan Bagadaza suna kwafa suna sayarwa, ladan hannunsu da takardarsu suke karɓa. Masu hali suna yin waƙafin littattafai ga masallatai da makarantu. A ƙasar Hausa ma ɗalibi kan ari littafin malaminsa ya kwafa, ba a taɓa kiransa ɓarawo ba, muddin bai shafe sunan mawallafi ba.

Na'urar ɗab'i ce ta sauya lissafin, domin ta mai da kwafi haja mai riba. A 1710 Birtaniya ta kafa dokar da ta ba mawallafi ikon hana buga littafinsa na shekara 14, sannan yarjejeniyar Bern ta 1886 ta ƙetare da wannan kariya zuwa wasu ƙasashe. Fuƙaha'u sun daɗe suna saɓani. Wasu sun ga hana kwafa ya yi kama da ɓoye ilimi, wanda hadisi ya yi gargaɗi a kansa. Wasu suka ce wahalar talifi manfa'a ce mai ƙima. A 1988, a zamanta na Kuwait, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa haƙƙin talifi abin karewa ne a Shari'a, kuma mai shi yana da ikon tasarrufi da shi.

A ganina, wannan ikon tasarrufin shi ne abin da malamin jami'a ya fi sakaci da shi. A ƙarni na 20 al'adar manyan mujallu ta zama mai bincike ya sa hannu ya miƙa haƙƙinsa kacokan, ba tare da an biya shi ko kwabo ba, daga baya jami'arsa ta sayi damar karanta abin da ya rubuta. Sanarwar Budapest ta 2002 martani ce ga wannan. Ta nuna hanya biyu: marubuci ya ajiye kwafin maƙalarsa a rumbun da kowa zai iya shiga ta intanet, ko a kafa mujallun da ba sa karɓar kuɗi daga mai karatu. A shekarar ne kuma lasisin Creative Commons ya fito, wanda mafi sauƙinsa yake halatta kwafa da yaɗawa bisa sharaɗin a ambaci mawallafi. Wannan kusan shi ne tsarin magabata, sai dai yanzu an rubuta shi da harshen lauyoyi.

Gyaran bai zo babu kura ba. Mujallu da yawa sun ɗauke kuɗin daga kan mai karatu sun ɗora wa marubuci, wani lokaci dubban daloli kan maƙala guda, abin da ya fi ƙarfin albashin malami a jami'o'inmu. Hanyar rumbu ba ta buƙatar wannan kuɗi, amma tana rataye ne a kan sharaɗi ɗaya cikin takardar yarjejeniya: ko marubuci ya riƙe wa kansa ikon ajiye kwafi kafin ya sa hannu.