Ƙashi a Matsayin Gaɓa Mai Rai: Nazarin Ɗori da Abincin Yara a Kafin Hausa da Fadamar Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da kimiyya ta tabbatar game da sinadaran da suka haɗu suka zama ƙashin ɗan Adam, da yadda yake rushewa yana sake ginuwa muddin mutum na numfashi. Ta dogara ne da binciken da masana suka riga suka wallafa, musamman na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Hujjarta ita ce ƙashi na buƙatar abu biyu, jini da kalsiyam, kuma a ƙasar Kafin Hausa su biyun suna hannun mai ɗori da uwar da ke dafa wa yaro abinci tun kafin magana ta kai ga likita.

Gabatarwa

Ƙashin da mutane suka saba gani shi ne wanda ya rabu da mai shi: na mahauta, na bola, na kan tabarmar cin abinci. Busasshe ne, fari, ba ya motsi. Daga nan aka ɗauka cewa wanda ke cikin jiki ma haka yake, itace ne kawai da nama ya rataya a kai. Wannan fahimta tana da illa a aikace. Wanda ya ɗauki ƙashi itace zai ɗaure karaya tamau kamar yadda ake ɗaure dirka, kuma ba zai ga dalilin da zai sa abincin yaro ya shafi miƙewar ƙafarsa ba.

Abin da ƙashi ya ƙunsa

Ana haifar jariri da ƙasusuwa kusan 270, da yawansu guringuntsi ne tukuna. Wasu su haɗe da juna yayin girma har su koma 206 a jikin baligi. Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne, wato kalsiyam da fosfet da suka daskare suka zama ƙananan duwatsu. Ragowar ruwa ne da furotin, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin zare ne mai suna kolajin. Maginin ƙasa ya san wannan dabara: ƙasa zalla tana tsagewa, ramno zalla ba ya tsayawa, sai an kwaɓa su tare katanga ke jure damina. Ma'adini ke ba ƙashi ƙarfi, kolajin ke hana shi karyewa da ƙaramin bugu.

Kowane malamin sakandare zai iya nuna wa ɗalibansa wannan. A jiƙa ƙashin cinyar kaza a ruwan khal na 'yan kwanaki, ma'adinin zai narke, ƙashin ya rinƙa lanƙwasuwa a hannu. A ƙona wani a garwashi, kolajin ɗin ya ƙone, sai ya marmashe da an matsa shi.

Tun 1691 likitan Ingila Clopton Havers ya bayyana ƙananan hanyoyin da suka ratsa ƙashi, waɗanda daga baya aka gane jijiyoyin jini ne ke bin su. A cikin ƙashin kuma akwai ƙwayoyin halitta iri uku. Masu gini suna shimfiɗa kolajin su zuba masa ma'adini. Masu rushewa suna narkar da tsohon ƙashi da ruwan tsami. Na ukun tsofaffin masu gini ne da ginin ya rufe su, suka zauna a ciki suna jin nauyin da ake ɗora wa ƙashin, suna aika saƙon inda ya kamata a ƙara da inda za a rage. Ta haka baligi ke sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa duk shekara. Likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta a 1892 cewa ƙashi na sake siffarsa gwargwadon aikin da ake sa shi. Shi ya sa ƙafar da ta daɗe a kwance take rasa ƙwari, hannun mai daka da na mai tuƙa kwalekwale kuwa suke ƙara kauri.

Sai ɓargo, wanda shi ke ƙera ƙwayoyin jini. Kuma kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake ajiye. Idan na cikin jini ya ragu, zuciya da tsoka ba sa jira: jiki zai ranto daga ƙashi. A nan ciwon yara ke farawa.

Lanƙwasar ƙafa a ƙasar rana

A Turai an san ciwon laushin ƙashin yara da rashin hasken rana, domin fata na ƙera bitamin D ne da rana, shi kuma bitamin D ke taimaka wa hanji tsotse kalsiyam. To me zai kawo gwame da baƙar wahalar tafiya ga yaron da ya yini yana wasa a rana? Likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun amsa wannan a Jos, a binciken da suka wallafa a 1999. Sun ɗauki yara 123 masu ciwon, suka tarar abincinsu na ba su kalsiyam kusan miligiram 200 kacal a rana. Suka raba su uku na tsawon mako 24. Cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin 100 ne suka warke. Waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai kashi 61. Waɗanda aka haɗa wa biyun kashi 58. Matsayar masana ta duniya ta 2016 ta ce yaron da ke samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, sama da 500 kuma ya wadatar.

Abincin da ya jawo wannan sananne ne a kowane gida na Arewa: kunu da tuwo na gero, dawa ko masara, safe da dare, bayan yaye, ba nono. Hatsi ba shi da kalsiyam mai yawa, kuma dusarsa na ɗauke da wani sinadari da ke kama ɗan abin da ya samu ya hana hanji sha. Jiƙa hatsi da tsima shi, kamar yadda ake yi wa gasara, na rage wannan sinadari.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken da masanan Jos ɗin suka fitar a 2015, inda suka yi wa yara magani da garin busasshen kifi da aka niƙa har ƙashinsa, suka ga yawancinsu sun warke cikin wata shida. Ƙasar Haɗejiya ƙasar kamun kifi ce. Kogin Kafin Hausa reshe ne na kogin Haɗejiya, kuma fadamar da ta miƙa har Nguru ta daɗe tana cika kasuwanni da banda. Gaskiya ne madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya zuwan ruwa, kachalla kuma ta toshe magudanai da dama, amma ƙananan kifin da ake ci da ƙaya har yanzu su ne mafi araha a kasuwa. Ga nonon Fulani da ke da kusan miligiram 120 a kowace mililita 100, ga kuka da zogale waɗanda ke cikin ganyayen da suka fi kalsiyam. Kayan maganin na nan. Abin da ke hana su isa cikin yaro shi ne al'adar tsame masa tsoka a zubar da ƙaya don tsoron maƙalewa, da sayar da nono a sayo hatsi. Turmi na warware matsala ta farko: a daka kifin lilis a barbaɗa a kunu ko miya.

Karaya da ɗori

Idan ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa a wurin ya daskare. Cikin makonni biyu zuwa uku guringuntsi ya lulluɓe bakin karayar, sannan masu gini su mayar da shi ƙashi mai kauri, wanda masu rushewa za su yi watanni suna sassaƙewa har ya koma siffarsa. Hannun yaro kan haɗe cikin mako uku zuwa shida. Ƙwaurin babba kan ɗauki wata uku zuwa huɗu. Ba mai ɗori ba ne ke haɗa ƙashi, ba kuma likita ba. Aikinsu su daidaita shi, su hana shi motsi, su bar jini ya gudana.

Ban ga dalilin raina masu ɗori ba. Sana'a ce ta gado, suna kusa da jama'a, ladansu bai fi ƙarfin talaka ba, kuma karaya mai sauƙi da dama ta warke a hannunsu. Haɗarin na cikin ɗaurin. Gaɓar da ta karye tana ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Idan an jera kara aka zagaye ta, aka ja tsumma tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ciki, ya danne jijiyoyin jini. Tsokar da ta rasa jini kimanin awa shida ta fara mutuwa, ba ta kuma dawowa. Ko dai yatsu su ƙanƙance har abada, nakasar da Richard von Volkmann ya bayyana a 1881, ko gaɓar ta ruɓe sai an yanke. Likitocin ƙashi na Nijeriya sun sha rubutu a kan wannan, kuma abin takaici yawanci yara ne, da karayar saman gwiwar hannu bayan faɗowa daga bishiya.

Alamomin ba sa buƙatar na'ura: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihu idan an miƙe yatsu, yatsun su yi sanyi ko su mutu ko su sauya launi. Da an ga ɗaya a kwance ɗaurin a kama hanyar asibiti a daren, ko da wani zai ce yaron raki yake yi. Karayar da ƙashi ya fasa fata, da ta ƙugu, da ta gadon baya, tun farko ba na zaure ba ne. Babban asibitin Haɗejiya da asibitin ƙashi na Dala a Kano don irinsu aka yi.

Mai amosanin jini na buƙatar kulawa ta daban. Jininsa kan toshe a cikin ƙashi ba tare da wani ɗauri ba, ya kawo kumburin hannu da ƙafa ga jariri, ko mutuwar kan ƙashin cinya ga matashi, ko ƙwayar cuta ta shiga ɓargo. A murza irin wannan gaɓa da sunan targaɗe ƙarin rauni ne.

Abin da ya kamata a auna

Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a Kafin Hausa a 2013, tana zaune a inda za a yi aiki biyu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Na farko, a auna kalsiyam ɗin da yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar ke samu a ƙauyukan masunta da na tudu, da damina da rani, a kuma auna na nau'o'in bandar da ake sayarwa a kasuwannin yankin. Na biyu, a zauna da masu ɗori da izinin masarautar Haɗejiya, a rubuta irin karayar da ake kawo musu da abin da suke ɗaurewa da shi, a kuma gwada ko koya musu duba yatsu a kwana ukun farko zai rage yawan yaran da ke isa asibiti a makare.