Shekara 18 Ana Fafutika: Yadda Digirin Tattalin Arziki Ya Samu Gindin Zama a Cambridge

A watan Fabrairun 1885, Alfred Marshall ya tsaya gaban malamai da ɗaliban Jami'ar Cambridge ta Ingila, ya gabatar da laccar kama aiki a matsayin sabon farfesan tattalin arziki. Shekarunsa 42. Ya faɗa musu burinsa ba tare da kwana-kwana ba: yana so jami'ar ta riƙa yaye matasa masu natsuwar tunani da tausayin talaka, waɗanda za su tunkari wahalar da ta yi wa jama'a katutu. Sai dai kujerar da ya hau ba ta da digiri nata na kanta. Duk faɗin jami'ar babu ɗalibi ɗaya da zai iya cewa tattalin arziki ya zo karanta, kuma a kansa za a ba shi shaida.

Ba don fannin sabo ne ba. Adam Smith, wanda littafinsa na 1776 ya zama tushen wannan ilimi, farfesan falsafar ɗabi'a ne a Glasgow. A 1805 kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin Indiya ya ɗauki Thomas Malthus ya koyar da tarihi da tattalin arziki ga samarin da za a tura can aikin mulki. Oxford ta kafa kujerar farfesa a 1825, Cambridge ta naɗa nata a 1828. Amma a Cambridge fannin ɗan rakiya ne, ana cusa 'yan takardunsa cikin jarrabawar falsafa ko ta tarihi. Haziƙan ɗalibai kuwa lissafi suke bi, ko Latin da Girkanci, domin a nan ne suna da kyaututtuka suke.

Shi kansa Marshall ta ƙofar lissafi ya shigo. An haife shi a 1842 a wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi a Landan, mahaifinsa ma'aikaci ne a Bankin Ingila, kuma so ya yi ɗan ya zama malamin coci. Yaron ya ƙi, wani ɗan'uwan mahaifinsa ya ranta masa kuɗin makaranta, ya fito na biyu a jarrabawar lissafi ta 1865. Daga nan tambayoyi suka riƙa jansa zuwa falsafa, falsafa kuma ta miƙa shi ga tambayar da ta riƙe shi har ƙarshen ransa: shin talauci dole ne? Lokacin hutu yakan shiga lungunan matalauta a biranen masana'antu, yana bin titi-titi yana duban fuskokin mutane. A 1875 ya yi watanni a Amurka yana shiga masana'antu, yana nazarin yadda ƙasar ke kare kayanta da kuɗin fito.

A 1890 ya fitar da babban littafinsa kan ginshiƙan tattalin arziki, wanda ɗaliban Ingila suka yi shekaru kusan 40 suna dogaro da shi. A ciki ya kwatanta buƙatar masu saye da yawan kayan da ke kasuwa da bakunan almakashi biyu, ba a iya cewa wannan ne ya yanka ba wancan ba, haka farashi yake fitowa daga haɗuwarsu. Shi ne kuma ya ba ɗalibai ma'aunin gane dalilin da ya sa tsadar gishiri ba ta hana mutane sayensa, alhali ƙaramin ƙari a kan kayan ƙawa yana korar masu saye. Duk da gwanintarsa ta lissafi, ya tura alƙaluma da zane-zane ƙasan shafi da ƙarshen littafi, domin ɗan kasuwa da shugaban 'yan ƙwadago su iya karantawa.

Littafi ya karɓu, digiri ya ƙi samuwa. Henry Sidgwick, babban malamin falsafa kuma tsohon abokinsa, bai ga dalilin raba tattalin arziki da sauran darussan ɗabi'a ba. William Cunningham, malamin coci kuma masanin tarihin tattalin arziki, ya fi zafi. A ganinsa ƙa'idojin da ake zanawa a allo ba sa aiki iri ɗaya a kowace ƙasa da kowane zamani, don haka tarihi ya kamata ɗalibi ya riƙe. A 1892 ya fito fili a mujalla ya zargi Marshall da murɗe tarihi.

Abin da ya sauya lissafin daga waje ya zo. Masana'antun Jamus da Amurka sun fara shan gaban na Ingila, mutane suka shiga tambayar wane irin ilimi ake ba waɗanda za su riƙe bankuna da kamfanoni da baitulmali. Amurka ta buɗe makarantar kasuwanci ta Wharton tun 1881. A Landan, Sidney da Beatrice Webb da abokansu sun kafa makarantar tattalin arziki ta LSE a 1895 da wasiyyar kusan fam 20,000 da wani lauya ya bari, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Landan a 1900, ba da jimawa ba ta fara ba da digiri a fannin. Birmingham ta buɗe tsangayar kasuwanci a 1902. Cambridge ta ga ana neman a bar ta a baya.

Sidgwick ya rasu a 1900. A 1902 Marshall ya rubuta wa majalisar jami'a takardar roƙo, ya kuma tattaro goyon bayan 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. A 1903 majalisar ta amince. A shekarar ce ɗan siyasa Joseph Chamberlain ya tayar da guguwar neman a ɗora wa kayan waje kuɗin fito, ƙasa ta rabu biyu, Cunningham ya bi Chamberlain, Marshall ya sa hannu a wasiƙar masana 14 da suka yi watsi da shirin.

Sabuwar manhajar ta shekara uku ce, kashi biyu. Ɗalibi zai karanta ƙa'idojin tattalin arziki, da tarihin baya-bayan nan, da tsarin mulkin Birtaniya, ya kuma rubuta maƙala. An yi jarrabawar farko a 1905 da ɗalibai 'yan tsiraru. Jami'a ta ba da izini amma ba ta ba da kuɗi ba, don haka Marshall ya riƙa cire fam 100 daga aljihunsa kowace shekara yana biyan kowane ɗaya daga cikin matasan malamai biyu, littattafansa kuma suka zama laburaren ɗalibai.

Akwai wadda tarihin ya daɗe yana tauye wa haƙƙi. Mary Paley tana cikin mata biyar na farko da suka fara karatu a abin da ya zama Kwalejin Newnham. Ta zauna jarrabawar falsafa a 1874 ta ci, amma ba a ba ta digiri ba saboda mace ce. Ta koyar da tattalin arziki, ta auri Marshall a 1877, tare suka wallafa littafi a 1879. Abin takaici, mijin nata ne daga baya ya shiga sahun gaba na masu adawa da bai wa mata digiri a Cambridge. Bayan rasuwarsa a 1924, ta kwashe kusan shekara 20 tana hidimar laburaren da aka sa wa sunansa. Ta rasu a 1944, saura shekara huɗu jami'ar ta fara bai wa mata cikakken digiri.

Marshall ya yi ritaya a 1908, ɗalibinsa Arthur Pigou ya gaje shi yana da shekara 30. A shekarar aka jawo John Maynard Keynes daga ofishin gwamnati mai kula da Indiya ya zo ya koyar. Keynes lissafi ya karanta, zamansa a ajin Marshall na 'yan makonni ne, bai taɓa riƙe digirin tattalin arziki ba. Shi ne a 1936, bayan karayar arzikin da ta jefa miliyoyi cikin zaman kashe wando, ya nuna cewa kasuwa na iya barin mutane ba aiki na tsawon lokaci sai gwamnati ta sa hannu.

Daga waɗannan azuzuwa fannin ya bazu zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka. Arthur Lewis ɗan tsibirin Saint Lucia ya gama LSE a 1937, ya zama mai bai wa Kwame Nkrumah shawara a Gana a 1957, ya karɓi lambar Nobel a 1979. Amartya Sen da Manmohan Singh na Indiya da Mahbub ul Haq na Pakistan duk a Cambridge suka yi digirin a shekarun 1950. Singh ne ministan kuɗin da ya buɗe kasuwannin Indiya a 1991, Haq kuma ya jagoranci ƙirƙiro ma'aunin ci gaban ɗan Adam a 1990, wanda ke haɗa lafiya da ilimi da kuɗin shiga. A Nijeriya, Kwalejin Jami'a ta Badun da aka buɗe a 1948 digirin Landan ta riƙa bayarwa a farko, kuma Ojetunji Aboyade, wanda ya yi digirin digirgir a Cambridge, a Badun ya koyar, ya kuma taka babbar rawa wajen tsara shirin raya ƙasa na bayan yaƙin basasa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu lissafi ya mamaye ajin, abin da Marshall ya yi ta jin tsoro. A wata wasiƙa ta 1906 ya shawarci masanin ƙididdiga Arthur Bowley da ya yi amfani da lissafi wajen tunani, ya mayar da sakamakon cikin magana ta yau da kullum, ya kawo misali daga rayuwa, sannan ya ƙone lissafin. Da bankuna suka durƙushe a 2008, Sarauniya Elizabeth ta ziyarci LSE ta tambayi masana dalilin da ya sa babu wanda ya hango abin. A 2011 wasu ɗaliban Harvard suka fice daga ajin gabatarwa don nuna ƙin amincewa da abin da ake koya musu. A Manchester ɗalibai suka kafa ƙungiya suna neman a dawo da tarihi da sauran mazhabobin tunani cikin manhaja, wato kusan abin da Cunningham ya yi ta kira a kai shekara 120 kafin su. Farfesa Wendy Carlin ta Landan ta jagoranci masana daga ƙasashe da dama suka rubuta sabon littafin shekarar farko, wanda ke buɗewa da tazarar da ke tsakanin masu arziki da matalauta, suka kuma sa shi a intanet kyauta ga duk ɗalibin da ke so.