Masauki mai rahusa a Tokyo: abin da ya kamata matafiyi ya duba kafin ya kama ɗaki

Tokyo, babban birnin Japan, na daga cikin biranen da wurin kwana ke cin kaso mafi tsoka na guzurin matafiyi. Ɗan kasuwa, ɗalibi ko ma'aikacin da aka tura horo zai tarar da ɗaruruwan otel-otel a intanet, kowane na cewa shi ne mai sauƙi. Sai dai a wannan birni arahar ɗaki ba ta tsaya ga farashin da aka rubuta ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tazarar otel da tashar jirgin ƙasa, domin da jirgi ake kusan kowace zirga-zirga, taksi kuwa tsada gare ta ƙwarai.

Fara da unguwa

Tsakiyar Tokyo na da layin jirgin ƙasa mai suna Yamanote, wanda ke zagaya birnin kamar zobe. Yana da tashoshi 30, kuma jirgi na kammala zagayen cikin kimanin awa ɗaya. Wanda ya sauka a otel da ke tafiyar minti biyar zuwa goma a ƙafa daga ɗaya daga cikin tashoshin nan, ya rage wa kansa rabin wahala.

Unguwannin Shinjuku, Shibuya da Ginza su ne suka fi suna, su ne kuma suka fi tsada. Masu neman sauƙi sun fi karkata gabas da arewa maso gabas: Ueno, Asakusa da kewayensu. Daga filin jirgin sama na Narita, mai nisan kimanin kilomita 60 daga birnin, jirgin kamfanin Keisei yana kawo fasinja Ueno kai tsaye. Wanda ya sauka a filin Haneda, da ke kusa da gari, zai iya duba unguwar Kamata ko Shinagawa. Akwai kuma Minami-Senju, tsohuwar unguwar ƴan ƙwadago, inda ake samun ƙananan ɗakuna masu shimfiɗa a ƙasa a farashi mafi ƙanƙanta, amma banɗaki da wurin wanka na kowa da kowa ne.

A tuna cewa jiragen birni na daina aiki daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya, sai wajen ƙarfe biyar na asuba su koma. Wanda ya kama ɗaki a nesa don ya rage yen dubu biyu, idan jirgin ƙarshe ya wuce shi sau ɗaya, kuɗin taksi zai cinye abin da ya tara.

Ire-iren masauki

Na farko shi ne wanda Japanawa ke kira bijinesu hoteru, wato otel ɗin ma'aikata masu tafiyar aiki. Kamfanoni irin su Toyoko Inn, APA, Super Hotel da Dormy Inn na da rassa da yawa kusa da tashoshi. Ɗakin ƙarami ne, galibi murabba'in mita 10 zuwa 13: gado, ɗan tebur, ƙaramin firiji da banɗaki a ciki. Wani lokaci ko wurin buɗe babban akwati babu, amma akwai tsabta da natsuwa. Ga mafi yawan baƙi, musamman mai iyali ko mai kwanaki da yawa, wannan shi ne zaɓin da ya fi dacewa.

Na biyu shi ne otel ɗin kapsul, wanda aka fara buɗe irinsa a Osaka a 1979. A nan ba ɗaki ake ba mutum ba, sai wani akwatin kwana mai tsawon kimanin mita biyu, faɗi da tsayi kimanin mita ɗaya, an jera su biyu-biyu, wani bisa wani. Labule ne ƙofarsa, kaya kuwa a ɗan kabad mai makulli ake ajiye su. Wasu na maza ne zalla, wasu sun ware bene ɗaya don mata. Ya wadatar ga daren guda, amma da yawa daga cikinsu na buƙatar baƙo ya fita da hantsi kowace rana don a yi shara, ko da ya biya kwana uku.

Na uku su ne gidajen baƙi masu gadaje da yawa a ɗaki ɗaya. Amfaninsu shi ne yawanci suna da madafa, inda mutum zai dafa abincinsa. Sai kuma gidajen haya na ɗan lokaci da ake samu ta Airbnb. Tun watan Yunin 2018 doka ta wajabta wa masu irin waɗannan gidaje yin rajista, don haka duk tallan da ba ya ɗauke da lambar rajista a ƙyale shi.

A kula da otel-otel masu rubuta farashi biyu a ƙofa, na ƴan awoyi da na dare. An yi su ne don masoya, suna da yawa a unguwar Kabukicho, kuma ba wurin saukar matafiyi mai kaya ba ne.

Karanta farashi da kyau

Yen ɗaya na kusan sefa 4, ko da yake canji na hawa yana sauka. Ke nan ɗakin yen 10.000 ya kai wajen jika 40 a dare. Kapsul da gadon gidan baƙi kan tsaya ƙasa da haka sosai. A Japan sau da yawa ana lissafin kuɗi ne bisa yawan mutane, don haka ba a yarda mutum biyu su shiga ɗakin da aka kama da sunan mutum ɗaya. Gadon da ake kira semi-double faɗinsa santimita 120 ne kawai, ya yi wa mutum biyu kaɗan. A duba kuma ko ɗakin na masu shan taba ne, domin har yanzu akwai otel-otel masu ware irin waɗannan ɗakuna, kuma warin ba ya fita.

Farashi na tashi a daren Asabar, da lokacin furannin sakura a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, da makon hutu daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da bikin Obon a tsakiyar Agusta, da kuma sabuwar shekara. Tun 2002 birnin Tokyo na karɓar ɗan harajin kwana daga baƙin da kuɗin kwanansu ya kai yen 10.000 ga mutum ɗaya a dare. Ba a ba ma'aikacin otel goro ko tukuici a Japan; in an miƙa ma, zai mayar.

Ya fi kyau a kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, saboda takardun neman biza na buƙatar suna da adireshin masauki, kuma ranar tafiya na iya sauyawa.

Salla da abinci

Ga Musulmi, unguwa na da wani amfani na dabam. Akwai masallatai a Asakusa, da Okachimachi kusa da Ueno, da Otsuka da ke kan layin Yamanote. Babban masallacin Tokyo Camii yana Yoyogi-Uehara. A Shin-Okubo akwai shagunan nama da kayan miya na halal. Alƙibla daga Tokyo tana yamma ne, an ɗan karkata arewa.

Karin kumallon da wasu otel-otel ke bayarwa kyauta kan haɗa da naman alade, kuma ana zuba giyar shinkafa a wasu miyoyi, don haka a tambaya kafin a ci. Yawancin banɗakunan otel na da famfon tsarki a jikin masai. Amma a otel ɗin kapsul da wasu tsofaffin masaukai, wanka a babban zaure ɗaya ake yi, kowa tsirara, maza dabam mata dabam. Wanda ba zai iya ba, ya tabbatar akwai wurin wanka mai ƙofa kafin ya biya.

Ranar isowa

Yawancin otel-otel ba sa ba da makulli sai ƙarfe uku na rana, kuma ana barin ɗaki ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe. Wanda ya iso da sassafe zai iya barin kayansa wurin masu karɓar baƙi. Doka ta ce baƙon da ba mazaunin Japan ba ya nuna fasfo a ɗauki hotonsa, kuma ya riƙa yawo da shi a jikinsa. In jirgi ya yi latti, a sanar da otel, domin ƙananan masaukai na rufe ƙofa da dare.

Wutar lantarkin Japan volt 100 ce, kuma soket ɗinsu mai baki biyu ne shafaffu, ba irin namu masu zagaye ba. A sayi mahaɗin caja tun kafin tashi. A ƙarshe, a ajiye adireshin otel da rubutun Japananci a waya ko a takarda, tare da sunan tasha da lambar ƙofar fita, domin manyan tashoshi irin Shinjuku na da ƙofofi masu yawan gaske, kuma fita ta wadda ba ita ba na iya jawo doguwar tafiya da akwati a hannu.