Daga Hatimin Sarki Zuwa Tambarin Ma'aikata: Tarihin Takardar Da Ke Tsallaka Iyaka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shirya ɗansa ko ƙanensa zuwa karatu a Masar ko Saudiyya ko Indiya daga nan Dutse, ya san cewa takardar shaidar da ake girmamawa a Takur, da zarar ta tsallaka iyaka ba ta da wani ƙarfi sai an sami wanda ya tsaya mata. Jama'a da dama suna ɗauka cewa boko ne ya jawo mana wannan ɗawainiya. A wannan ɗan rubutu muna so mu nuna wa mai karatu cewa al'amarin ya girmi boko nesa ba kusa ba, kuma tambayar da ake yi wa takarda a baƙon wuri guda ɗaya ce tun zamanin kakanninmu, wato: wa ya san wanda ya sa mata hannu?

Zamanin Ijaza Da Hatimi

Malamanmu na da su ne suka fara fuskantar wannan tambaya. Idan almajiri ya sauke wani littafi, malaminsa kan rubuta masa ijaza, a ciki ya ambaci wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, har a kai ga mawallafin littafin. Alal misali, Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya sami ijaza a birnin Alƙahira daga shahararren malamin nan Murtada al-Zabidi, shi kuma ya ba Shehu tasa. Ke nan malamin Masar da bai taɓa jin sunan wani almajirin ƙasar Hausa ba, yana iya bin sunayen ɗaya bayan ɗaya har ya iske wanda ya sani, sannan hankalinsa ya kwanta.

Haka abin yake a wajen sarakuna. A ƙarni na 19, lokacin da Dutse take ƙarƙashin Kano, wasiƙun sarakuna da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi, a danƙa wa manzon da aka sani a fadar da za a kai. Al'amuran Kano kuwa ta hannun Wazirin Sakkwato suke bi kafin su isa ga Sarkin Musulmi.

Turawan farko da suka shigo ƙasar nan su ma sai da suka bi wannan hanya. A 1824 Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗauke da wasiƙar Shehun Borno, al-Kanemi, aka kuwa karɓe shi hannu bibbiyu. Amma da ya komo a 1826 ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Borno, sai aka karɓe wasiƙar da ya ɗauko daga Ingila don Shehun Borno, aka hana shi wucewa, har ya rasu a Sakkwato a 1827. Shi kuma Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, sai da ya sami takardar aminci daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853 kafin ya nufi Tambutu. Abin lura a nan shi ne, darajar takarda tana hawa tana sauka gwargwadon zumuncin da ke tsakanin mai hatimi da mai karantawa.

Zuwan Fasfo

Bayan Turawa sun ci ƙasar nan a 1903, mahajjata sun ci gaba da bin hanyar gabas a ƙasa, ta Borno da Cadi da Sudan har zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru suna noma da ƙwadago a hanya. Cikin shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta fara matsa wa mahajjata su yanki fasfo, su kuma ajiye kuɗin komowa, ga kuma binciken lafiya a tashar jirgin ruwa. Daga nan shaidar baki da sanayya suka fara ja da baya, hoto da lamba da tambarin ofis suka maye gurbinsu. Mutumin da duk garinsu aka san asalinsa, sai ga shi a gaban akawun da babu ruwansa da wannan, takarda kawai yake nema.

Halin Da Muke Ciki

A ranar 5 ga Oktoba, 1961 wasu ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan don rage wannan wahala. Suka amince cewa tambari guda, wanda ake kira afostil, daga hukumar da ƙasa ta naɗa, ya wadatar a sauran ƙasashen da suka shiga. Yanzu ƙasashe fiye da 120 ne a ciki. Saudiyya ta shiga a 2022, Sin kuma a 2023. Har zuwa 2024 dai Najeriya ba ta shiga ba, don haka tsohuwar hanya muke bi: takardar makaranta ta je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje ta shaida wancan sa hannu, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya shaida na Harkokin Waje. In muka duba da kyau, ijazar nan ce ta malamai ta sake kama, kowane hannu yana tsaya wa na bayansa.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991 ya kawo ma'aikatu da babbar kotu ƙofar gidanmu, Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma ta biyo baya a 2011. Amma hatimin ƙarshe yana Abuja, kuma kuɗin mota da masauki da ɗan abin kashewa duk a wuyan iyaye suke.

Ba kuma za mu ce duk wannan bincike banza ba ne. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Wake ɗaya ya ɓata gari, waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah su ma abin ya shafe su. Haka nan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu da aka kwaso sun ga yadda shekarun karatu ke rataye a kan takardar sakamako daga ofishin da yaƙi ya rufe.

Kammalawa

A ganinmu, inda aka fi yi mana illa a cikin gida ne. Yaro guda sai a tarar Muhammadu ne a firamare, Mohammed a takardar WAEC, Muhammad a fasfo, a wata takardar sunan mahaifi, a wata sunan gari, shekarar haihuwa kuma an yi ta gyara da rantsuwar kotu, alhali tun 1992 doka ta wajabta yin rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya. Akawun ofishin jakadanci ba ya karɓar uzurin cewa duk mutum ɗaya ne. Malamanmu na da ba su yi sakaci da suna ko ɗaya a cikin ijaza ba, domin sun san in ɗaya ya faɗi, sauran duk sun faɗi.

Mu marubuta kuwa akwai aiki a gabanmu. A gidajen malamai da tsofaffin alhazai na Garu da Kiyawa da Birnin Kudu, ya kamata mu nemi tsofaffin ijazozi da fasfunan hajji da wasiƙu masu hatimi, mu roƙi izinin masu su mu kwafa, mu kuma ji labarinsu daga bakin dattawa tun gara ba ta riga mu ba. Allah ya ba mu iko, amin.