Ƙalubalantar Tsarewar Hukumar Shige da Fice a Babbar Kotun Tarayya

Wannan bayani ne domin mazauna karkara, hakimai, dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bungudu. Jihar Zamfara ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, auratayya da fatauci sun haɗa jama'ar ɓangarorin biyu, don haka akan tsare mutum bisa zargin cewa baƙo ne marar izinin zama.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo. Wajibi ne a sanar da wanda aka tsare dalilin tsarewar a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Wanda ake zargi da laifi za a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a.

Sashe na 251 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraron shari'o'in zama ɗan ƙasa, fasfo, shige da fice da korar baƙi. Kotun tana da reshe a Gusau. Ƙa'idojin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na 2009 sun yarda ɗan'uwa ko wata ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, kuma daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno. A watan Janairun 1980 Gwamnatin Tarayya ta kore shi zuwa Chadi, tana mai cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Jiha da ke Maiduguri ta soke korar, ta kuma ba shi diyya, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne. Sashe na 41 na kundin yanzu ya haramta korar ɗan ƙasa.

Ana shawartar iyalai su adana takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar shaidar ɗan ƙasa, su kuma rubuta rana da wurin da aka yi kamun. Marasa hali na iya neman lauya kyauta daga Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. Ana kira ga masu unguwanni da dagatai da su ba da shaidar asalin mutum bisa gaskiya kawai.